Daga Jigo Zuwa Madatsar Tiga: Tarihin Mallakar Ruwa a Kudancin Kano

Gabatarwa

Ruwan saman da yake zuba da damina a kan duwatsun Riruwai da dazuzzukan ƙasar Doguwa, shi ne yake taruwa ya zama Kogin Kano. Kogin yakan ratsa Dajin Falgore, ya gangaro ta ƙasar Tudun Wada, ya zo ya tsaya a bayan madatsar Tiga cikin ƙasar Bebeji. Daga nan ne ake sakinsa ta babbar magudana, ya tafi gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwan ɗaya ne tun daga mafarinsa, amma yana sauya ubangiji a kan hanya. A cikin rafi na kowa ne, a bayan madatsa na Gwamnatin Tarayya ne, in kuwa ya shiga gona sai manomi ya biya kuɗinsa.

Fiye da shekara 30 ke nan ana maganar cewa ya kamata Gwamnatin Tarayya ta miƙa irin waɗannan ayyukan ruwa ga mutanen da suke cin moriyarsu. Wannan lacca za ta bi diddigin maganar ta hanyar tarihin Tiga, domin a ga yadda ruwan ya fita daga hannun jama'a, da abin da aka mayar musu ya zuwa yanzu, da kuma abin da ya rage. Tun da farko ya kamata a rarrabe kalmomi uku waɗanda Bahaushe ba ya haɗa su a sha'anin gona, watau mallaka da riƙo da moro. Mai mallaka yana iya sayarwa, ko ya jinginar, ko ya bar wa magada. Mai riƙo an ba shi amana ne, ana iya karɓewa. Mai moro kuwa yana ci ne kawai, ba shi da ta cewa. Yawancin ruɗanin da ake samu a wannan batu ya taso ne daga kiran riƙo da sunan mallaka.

Ruwa Kafin Madatsa

Noman rani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen da suke gefen rafuka da fadamu suna yin lambu da rani, suna ɗebo ruwa da jigo ko da ƙwarya, suna noma albasa da alkama da taba da rake da kayan miya. Jigo kuwa abu ne mai sauƙin sha'ani. Mai lambu shi ya sare itacensa, shi ya haƙa rijiyarsa, in gugan ya yage shi zai ɗinke. Ba ya jiran wani ma'aikaci daga birni. In rigima ta tashi a kan iyakar fadama ko a kan mashayar dabbobi, akwai mai unguwa da dagaci da sarkin noma, in ta fi ƙarfinsu a tafi gaban hakimi ko alƙali.

Hukuncin da alƙalai suke bi a kan ruwa sananne ne a fiƙihun Malikiyya. Ruwan kogi ba mallakar mutum ɗaya ba ne, ba a kuma hana mai ƙishirwa sha ko shayar da dabbarsa. Wanda gonarsa take sama yakan shayar da ita gwargwadon buƙata, sa'an nan ya saki ruwan ga na ƙasa da shi. Amma wanda ya haƙa rijiya a cikin gonarsa da guminsa, ya fi kowa haƙƙi a kanta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi littafi musamman, mai suna Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum yake samun haƙƙi a kan ƙasar da ya raya. Abin lura a wannan tsari shi ne an ɗaure haƙƙi da wahala wuri ɗaya: wanda ya yi aikin shi yake da iko, wanda yake da ikon kuma shi yake gyara.

A farkon watan Fabrairu na 1903 rundunar Turawa da ta taso daga Zariya ta fasa Bebeji, kwana biyu bayan haka ta ci Kano. Cikin 1910 aka yi dokar da ta sa dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, a bisa cewa yana riƙe da ita ne domin amfanin 'yan ƙasa. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta bi wannan sawu, haka kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 wadda ta shafi Nijeriya baki ɗaya. A zamanin En'e waɗannan dokoki ba su taɓa mai jigo ƙwarai ba, gama hukuma ba ta da wani babban aiki a kan rafinsa. Amma sun share hanya, domin sun tabbatar da cewa duk ranar da hukuma ta buƙaci ƙasar, abin da za ta biya shi ne diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-gine, ita ƙasar kuwa daman a hannunta take.

Audu Bako da Gina Tiga

An ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako ya zama gwamnanta, ya riƙe ta har 1975. Jiha ce mai yawan jama'a da ƙarancin ƙasar noma, damina kuma ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Gwamnatinsa ta ɗauki tare ruwa a matsayin babban maganin wannan matsala, ta shiga gina madatsu a sassa daban-daban na jihar. Ta farko daga cikin manya ita ce ta Bagauda a ƙasar Bebeji, wadda aka gama wajen 1970, da ruwanta kuma aka fara gwajin noman rani na zamani a Kadawa. Wani kamfanin ƙasar Holan mai suna NEDECO shi ya yi nazarin babban shirin da aka kira Shirin Kogin Kano.

An fara aikin Tiga cikin 1971, aka gama cikin 1974, watau daidai shekarun da fari ya addabi ƙasashen Sahel, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi tsada. Wannan fari ya ƙara wa masu shirin hujja. Madatsar ta ƙasa ce, tsawonta ya kusa kilomita 6, tafkin da ta tara kuma ya mamaye murabba'in kilomita kamar 178, an tsara shi ya ɗauki ruwa kusan kubik mita miliyan 2,000. Tun da Tiga tana kan tudu ne in an gwada ta da filayen Kadawa da Kura, ruwan yana gangarawa da kansa ba tare da inji ba. Wannan ita ce babbar falalar shirin, ita ce kuma ta sa ya rayu a shekarun da wasu shirye-shiryen masu dogara da injuna suka durƙushe. Kashi na farko na shirin an tsara shi ya shayar da hekta 22,000.

Abu biyu ya kamata a riƙe game da wannan zamani. Na farko, Tiga ba aikin Gwamnatin Tarayya ba ce a asalinta. Gwamnatin Jihar Kano ce ta gina ta, da injiniyoyi da leburori na sashen ruwa na jihar, sashen da daga baya ya zama hukumar WRECA. Na biyu, shirin ya raba mutanen kudancin Kano gida biyu. Waɗanda gonakinsu suke ƙasa da madatsa, an karɓi gonakin an baje su an yanka musu magudanu, sa'an nan aka mayar musu bayan an cire wani kaso domin hanyoyi da magudanun. Waɗanda suke sama da madatsa kuwa, ruwa ya cinye gonakinsu da fadamunsu da kufan iyayensu, aka tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni a kan tudu. Na farkon sun sami noma sau biyu a shekara. Na biyun sun sami diyya sau ɗaya.

Yadda Tarayya Ta Karɓa

Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya taru a hannun Gwamnatin Tarayya, ikonta kuma ya rinjayi na jihohi. Cikin 1973 ta kafa hukumomin raya koguna guda biyu, ta Tafkin Chadi da ta Sakkwato da Rima. Cikin 1976, a zamanin Janar Obasanjo, aka yi dokar soja mai lamba 25, aka yawaita irin waɗannan hukumomi har suka kai 11, suka game ƙasa duka. Ɗaya daga cikinsu ita ce Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai hedkwata a Kano. Ita ce ta karɓi Tiga da Shirin Kogin Kano daga hannun jiha.

Hujjar karɓar ba ta rasa ƙarfi ba. Kogin Kano yana haɗuwa da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru ya shiga Komadugu Yobe, wadda take zuba a Tafkin Chadi. Kogin da ya ratsa jihohi da yawa, har ya taɓa iyakar Nijar, ba daidai ba ne jiha ɗaya ta riƙe makullinsa. Tsarin mulkin ƙasa ma ya sa irin wannan ruwa cikin abubuwan da Tarayya kaɗai take yi wa doka, dokar ruwa mai lamba 101 ta 1993 kuma ta ƙara tabbatar da haka, ko da yake ta bar wa mutum damar ɗibar ruwan sha da shayar da dabba da kamun kifi.

To, amma hukumar ba ta tsaya ga riƙon madatsa ba. A shekarun da kuɗi yake da yawa, watau zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da na Juyin Noma na Shugaba Shehu Shagari, ita take yin kusan kome. Ita take kawo tarakta ta yi huɗa, ta ba da iri da taki, ta faɗi ranar shuka, ta buɗe ruwa ta rufe, ta yashe magudana in ta cushe. Ta kuma matsa wa manoma su shuka alkama, domin gwamnati tana son rage alkamar da ake sayowa daga waje saboda burodi. Kuɗin ruwan da manomi yake biya bai kai ko kusa da abin da ake kashewa ba. Binciken da Tina Wallace ta yi daga Jami'ar Ahmadu Bello a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa ƙaramin manomi sau da yawa ba ya iya ɗaukar tsadar noman ranin, sai ya ba da gonarsa haya ga mai hali. Gunilla Andrae da Bjorn Beckman kuma, a littafinsu na 1985 a kan alkama, sun nuna yadda aka ɗora manyan madatsun Arewa a kan burin da bai dace da buƙatar manomin ba.

Illar wannan zamani da ta fi daɗewa ita ce ta tunani. Manomin da kakansa yake gyara jigonsa da hannunsa, ya koyi cewa magudana ta gwamnati ce, in ta fashe sai a kai ƙara ofis. Ba laifinsa ba ne, haka aka tsara abin. A Bakolori ta ƙasar Sakkwato, inda manoma suka tashi tsaye a kan diyya da gonakinsu, an tura 'yan sandan kwantar da tarzoma cikin watan Afrilu na 1980, aka kashe mutane da yawa. Kowane manomi a Arewa ya fahimci saƙon: aikin na hukuma ne.

Lokacin Janye Hannu

Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, cikin 1986 kuma gwamnatin Janar Babangida ta shiga shirin gyaran tattalin arziki wanda ya rage tallafi a ko'ina. Doka mai lamba 35 ta 1987 ta cire hannun hukumomin koguna daga noma, ta bar su da sha'anin ruwa kaɗai. Aka sayar da taraktoci da wasu kadarori, aka rage ma'aikata, dokar 1988 kuma ta sa hukumomin cikin waɗanda ake so su riƙa nemo wani kaso na kuɗin gudanar da kansu. Sakamakon ya bayyana a gona. Laka da ciyawar kacalla suka cushe magudanu, ƙofofin ruwa suka lalace, mutanen da suke kusa da bakin magudana suka riƙa shan ruwa fiye da kima, na ƙarshenta kuwa suna kwana a gona suna jiran abin da ba zai iso ba. Manomin da bai sami ruwa ba ya ƙi biya, hukumar da ba a biya ta ba ta kasa gyara, rashin gyara kuma ya ƙara hana ruwa isa.

A daidai wannan lokaci wani abu yana faruwa a gefe wanda ya isa a yi tunani a kansa. Hukumar KNARDA ta Jihar Kano, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980, ta yaɗa ƙananan injunan ban-ruwa da gajerun rijiyoyin burtsatse a fadamu, shirin Fadama na ƙasa kuma ya ɗora a kai cikin shekarun 1990. Wannan inji jikan jigo ne. Manomi shi ya saya, shi yake zuba masa mai, in ya lalace ya ɗora shi a babur ya kai wa makaniki a kasuwa. Da irinsa ne mutanen gefen tafkin Tiga da na rafukan Kiru da Tudun Wada da Doguwa suke yin noman raninsu. Ba a taɓa kafa kwamiti domin a koya wa mai inji kula da injinsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙungiyoyin Masu Amfani da Ruwa

Ganin halin da shirin ya shiga ya sa a farkon shekarun 1990 Hukumar Haɗeja da Jama'are ta haɗa kai da wata cibiyar duniya ta nazarin ban-ruwa mai hedkwata a Siri Lanka, aka fara gwada kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a wasu sassan Shirin Kogin Kano. Manufar ita ce manoman da suke sha daga magudana ɗaya su zaɓi shugabanninsu, su yi aikin gayya su yashe ta, su tsara kwanakin ban-ruwa, su taimaka wajen tara kuɗin ruwa. An ga amfanin abin a inda aka gwada, amma ƙungiyoyi da yawa sun yi sanyi bayan masu tallafi sun tafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An ba su aiki, ba a ba su iko ba. Kuɗin da suka tara yana tafiya asusun gwamnati, ba su da tabbacin zai dawo ya gyara magudanarsu, ba su kuma da wata doka da za su tsaya a kanta su hukunta wanda ya ƙi biya ko ya fasa magudana da dare.

Yunƙuri na biyu ya zo ne da shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi cikin 2014 da rancen da ya kusa dala miliyan 500, Shirin Kogin Kano kuma yana cikin manyan wuraren da ya shafa, tare da na Kwarin Haɗeja da na Bakolori. A wannan karo an fara da gyaran magudanun, sa'an nan aka yi wa ƙungiyoyin rajista, aka shirya su karɓi kula da ƙananan magudanu, su riƙa tara kuɗin ruwa suna riƙe wani kaso domin gyara, hukuma kuma ta ci gaba da riƙon madatsa da manyan magudanu. Wannan ci gaba ne na gaske in an gwada shi da na farko. Duk da haka, in aka auna shi da kalmomin nan uku na farkon lacca, riƙo ne. Madatsa da magudanu suna nan cikin kadarorin Gwamnatin Tarayya.

Abin da Wasu Ƙasashe Suka Yi

Ba Nijeriya kaɗai ta bi wannan hanya ba. A Jamhuriyar Nijar an kafa hukumar ONAHA cikin 1978 domin kula da filayen ban-ruwa, bayan taron Damagaram na 1982 kuma aka miƙa gudanar da filayen, irin na Ƙonni da na Jiratawa kusa da Maraɗi, ga ƙungiyoyin manoma. Manoman sun iya tafiyar da harkar yau da kullum, amma babban gyara ya riƙa fin ƙarfin asusunsu, sai an jira gwamnati ko masu ba da agaji. Ƙasar Meziko ta fara nata miƙawar cikin 1989, ta yi sabuwar dokar ruwa cikin 1992 wadda ta ba ƙungiyoyin manoma matsayi a gaban shari'a da haƙƙin ruwa rubutacce na shekaru masu yawa, amma ta bar manyan madatsu a hannun gwamnati. A Amurka kuwa ana miƙa mallaka ta sosai, har da takardar shaida. Sai dai sharaɗin a can shi ne manoman yankin sun biya gwamnati kuɗin ginin a hankali cikin shekaru masu yawa, kuma kafin dokar 2019 kowace miƙawa sai majalisar ƙasa ta yi mata doka ta musamman. Ko a can ma, abin da aka fi miƙawa shi ne magudanu da ƙananan ayyuka.

Darasin da yake cikin waɗannan misalai guda ne. Miƙawa takan yi ƙarko in an gyara abin kafin a ba da shi, aka rubuta haƙƙin ruwan a doka, kuɗin da aka tara kuma ya zauna a inda aka tara shi. In babu waɗannan, sauke kaya ne kawai daga kan mai ƙarfi zuwa kan marar ƙarfi.

Su Wane ne Masu Cin Moriyar?

Akwai tambayar da masu neman a miƙa ba su cika tsayawa a kanta ba. In an ce a ba masu cin moriya, su wa ake nufi? Amsa mai sauƙi ita ce manoman shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda kayansu suke cika kasuwar Kwanar Gafan da kaka. Amma ruwan Tiga yana da masu haƙƙi fiye da su. Akwai birnin Kano, wanda matatar ruwa ta Tamburawa take ɗebo masa daga Kogin Kano. Akwai masunta da suke kamun kifi a tafkin, da Fulani makiyaya da suke shayarwa a bakinsa. Akwai Gwamnatin Jihar Kano, wadda ta gina tashar lantarki mai ƙarfin megawat 10 a gindin madatsar da ita ta gina tun farko amma ba ta hannunta. Akwai kuma mutanen Haɗeja da Nguru da Gashuwa, waɗanda ambaliyar damina take shayar da fadamunsu tun kaka da kakanni. Tiga ta rage wannan ambaliya, madatsar Challawa da aka gama cikin 1992 a ƙasar Ƙaraye ta ƙara ragewa, sakin ruwa da rani kuma ya taimaka wa kacalla ta toshe hanyoyin kogin. Nazarin da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa in aka lissafa noma da kifi da itace, ruwan da ya malala a fadamun Haɗeja da Nguru ya fi kawo amfani bisa ga irinsa da aka kai Shirin Kogin Kano. Idan aka ba manoman Kura makullin Tiga, an ba su wuƙa da nama a kan abincin mutumin Nguru.

Sa'an nan ga mutanen da wannan lacca ta fara da su. Bebeji ta ba da mazaunin madatsu biyu, Bagauda da Tiga. Tudun Wada ta ba da fadamun da tafkin ya haɗiye. Doguwa ce take riƙe da dajin da yake tace ruwan, domin in aka sare Falgore aka nome gangaren duwatsu, yashi da laka ne za su gangaro su cike tafkin. Kiru kuwa tana zaune tsakanin manyan tafkuna biyu, Tiga da Challawa, amma manyan magudanun ba ta ƙasarta suka bi ba. Tun da ruwa ba ya hawa tudu da kansa, falalar nan ta gangara ta wuce mafi yawan mutanen waɗannan ƙananan hukumomi huɗu. In aka ce masu cin moriya su ne kawai masu gona a bakin magudana, to, waɗanda suka yi hasara cikin 1974 za su sake yin ta biyu, domin abin da aka karɓa daga hannunsu da sunan ƙasa baki ɗaya zai zama na wasu ƙauyuka ƙididdigaggu.

Dole kuma a tuna cewa mallakar madatsa ɗaukar alhaki ce. Cikin watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta yi ɓarnar gidaje da gonaki da rayuka. Tiga ta ninka Bagauda sau da yawa. Babu ƙungiyar manoma ko ƙaramar hukuma da take da injiniyoyi da kuɗin da za ta tsare irin wannan gini. Ɓallewar madatsar Alau a kan Maiduguri cikin watan Satumba na 2024 ta nuna cewa riƙon Tarayya ma ba ya hana masifa in an yi sakaci da gyara, amma maganin sakaci shi ne a tsananta bincike a kan mai riƙon.

Kammalawa

Tarihin nan na shekara 50 ya nuna cewa tambayar ko a miƙa ko kada a miƙa ta yi faɗi da yawa, gama aikin ruwa hawa-hawa ne, kowane hawa kuma da mai dacewa da shi. Ƙananan magudanu da ƙofofinsu da tafkunan ajiyar dare sun cancanci su zama mallakar ƙungiyoyin manoma ta sosai, da takarda, da dokar da za ta ba su ikon tara kuɗi da riƙe shi da hukunta mai laifi, da kuma rubutaccen alkawarin yawan ruwan da za a sakar musu kowace shekara. Zanen aro ba ya rufe katara, manomi kuma ba zai zuba dukiyarsa a magudanar da za a iya karɓewa gobe da takarda ɗaya daga Abuja ba. Ita kuwa madatsar, tun da ruwanta ya shafi jihohi da yawa, wurinta yana hannun Tarayya, amma bisa sharaɗin riƙon amana: a san ranar buɗe ruwa da yawansa a zauren da mutumin Kura da na Nguru da mai su da makiyayi suke da kujera.

A wannan zaure ya wajaba a ajiye wa Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa wurinsu, a kuma ware wani kaso na kuɗin ruwa da na lantarki domin ruwan shansu, da ƙananan ayyukan ban-ruwa a gefen tafki, da tsaron dajin da kogin yake fitowa. Ɗaliban da za su riƙe ofisoshin nan gobe, da ma'aikatan da suke riƙe da su yau, su ne za su rubuta takardun miƙawar. Kafin a sa hannu a kowace, ya kamata a duba abu uku a cikinta: me aka miƙa, mallaka ko riƙo; wa aka miƙa wa; wa kuma aka bari a waje.